Yadda Ake Zaga Unguwannin Birnin Rum da Ƙafa

Tambayar da masu shirin zuwa Italiya suka fi aiko mini ita ce: "Na samu biza, zan yi kwana huɗu ko biyar a Rum, ta ina zan fara?" Akasari mai tambayar ya riga ya rubuta jerin wuraren da ya gani a hoto, yana neman dabarar da zai cinye su duka. Shawarata kullum ɗaya ce: ajiye jerin nan, ka ɗauki garin unguwa-unguwa. Kowace unguwa a Rum tana da kasuwarta, da dandalinta, da sa'ar da take farkawa. Wanda ya bi ta wannan hanya zai tarar da manyan gine-ginen a kan hanyarsa, ya kuma ga yadda mutanen garin ke rayuwa. Mai bin jerin hotuna kuwa a layi da cikin bas kwanakinsa ke ƙarewa.

Duk farashin da ke ƙasa na Yuro ne, kuma yana motsi, don haka a sake dubawa kafin a tashi.

1. Tsayar da lokaci da yawan kwanaki

Kwana huɗu cikakku shi ne mafi ƙarancin abin da zai isa, ban da ranar sauka da ranar tashi. Afrilu, Mayu, ƙarshen Satumba da Oktoba su ne watannin da suka fi daɗin yawo. A Yuli da Agusta zafi kan haura maki 35, duwatsun titi su ɗauki zafin su riƙe har dare. Kada ka ce ai kai ɗan ƙasar zafi ne. A gida ba ka yini kana taka dutse da tsakar rana.

Hattara: makon 15 ga Agusta, hutun da suke kira Ferragosto, ƙananan shaguna da gidajen abinci na unguwa da yawa kan rufe, wasu har mako biyu ko fiye. Masu sayar wa baƙi kaɗai ke saura, alhali mutanen unguwar ka zo gani.

Lokacin salla ma yana shafar tsarinka. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan tara saura kwata na dare, a Disamba kuwa kafin biyar na yamma an yi magariba.

2. Zaɓi unguwar da za ka kwana

A nan ake gyara tafiya ko a ɓata ta. Tsohon garin ya kasu kashi 22, kowane kashi ana ce masa rione, kuma kusan dukansu suna cikin ganuwar da Sarki Aurelian ya fara ginawa a shekara ta 271. Yadda Bakano ke bambanta cikin birni da waje, haka mutumin Rum ke yi da wannan ganuwa, har kuɗin tasi daga filin jirgi da ita ake auna shi. Nemi masauki a ciki ko dab da ita.

Monti ita ce zaɓina ga wanda ya zo karon farko. Tana tsakanin babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini da Colosseo, tsohon filin wasan Rumawa, tana da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, mai suna Cavour, kuma daga cikinta za ka iya taka ƙafa zuwa rabin abin da ke cikin wannan jagora. Esquilino, kusa da Termini, ta fi araha, kuma nan ne aka fi samun naman halal da kayan miyar da ka sani. Sai dai titunan da ke jikin tashar ba su da daɗin bi da tsakar dare, don haka ka zaɓi wajen cocin Santa Maria Maggiore ko titin Via Merulana. Prati ta dace da mai iyali ko mai tafe da dattijo, domin titunanta miƙaƙƙu ne masu faɗi, gidajenta galibi da lif. Trastevere tana da kyau ƙwarai, amma ba ta da metro, kuma hayaniyar mashaya ba ta lafawa sai biyun dare. In ka nace sai can, nemi ɓangaren cocin Santa Cecilia.

Kafin ka biya, tambayi abu uku a rubuce: akwai lif? Akwai na'urar sanyaya ɗaki? Ƙarfe nawa ake daina karɓar baƙi? Tsofaffin gidaje da yawa ba lif, kuma abin da suke kira hawa na ɗaya shi ne wanda ke saman na ƙasa, don haka "hawa na uku" matattakala uku ne dogaye da akwati a hannu.

Hattara: akwai harajin kwana da hukumar birni ke karɓa, daga Yuro 4 zuwa 10 ga kowane mutum a kowane dare, gwargwadon darajar masaukin. Sau da yawa ba ya cikin kuɗin da ka biya ta intanet. Ba cuta ba ce, ka ware masa kuɗi. Za kuma a karɓi fasfonka a rubuta bayanansa, doka ce.

3. Daga filin jirgi zuwa masauki

Daga filin Fiumicino hanya uku ce. Jirgin ƙasa na Leonardo Express yana kaiwa Termini a minti 32, kuɗinsa Yuro 14. Jirgin FL1 Yuro 8 ne, ba ya shiga Termini, amma yana tsayawa a tashoshin Trastevere, Ostiense da Tiburtina, shi ne daidai ga wanda zai sauka a Testaccio ko Trastevere. Tasi kuɗinta a yanke yake, Yuro 55 zuwa ko'ina cikin ganuwa, har da kaya. In ku uku ne ko huɗu da akwatuna, tasin ta fi.

Hattara: halastacciyar tasi fara ce, da alamar hukumar birni a ƙofa da lambar lasisi, kuma a layinta take jira a waje. Duk wanda ya tare ka a cikin zauren sauka yana cewa "tasi, tasi", wuce shi.

4. Haɗa kayan yawo

Takalmi ne farko. Titunan tsohon gari an daɓe su da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu kusurwa huɗu da ake kira sampietrini. Ba su daidaita ba, akwai rami tsakaninsu, in an yi ruwa kuma santsi gare su. Sa takalmi mai kaurin ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Silifa, takalmi mai tsini da sabon sau-ciki duk a bar su a ɗaki. 'Yan'uwa mata masu doguwar abaya, a ɗan rage tsawonta, don matattakala suna da yawa.

Sai gorar ruwa. Akwai famfunan ƙarfe fiye da 2,000 a titunan garin, ana ce musu nasoni, suna zuba dare da rana, ruwan sanyi ƙalau kuma na sha ne, kyauta. Bakin famfon a lanƙwashe yake, da ɗan rami a samansa. Toshe bakin da yatsa, ruwan zai tsarto sama ta ramin, ka sha ba tare da kofi ba. Inda ka ga an rubuta "non potabile" ne kawai ba a sha.

Sauke taswirar garin a wayarka don ta yi aiki ko ba intanet, ka riƙe fawa-bank, domin taswira na cin caji. In za ka sayi layin waya na TIM, Vodafone, WindTre ko Iliad, tafi da fasfo. Soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka ne, cajar gida mai ƙafa uku masu faɗi ba ta shiga sai da adafta.

Tikitin sufuri ɗaya ne ga bas, tiram da metro. Na Yuro 1.50 yana aiki minti 100, ka sauya bas yadda kake so, amma metro sau ɗaya za ka shiga da shi. Ana sayarwa a tashoshin metro da shagunan taba masu alamar babban harafin T. Akwai na kwana ɗaya, biyu, uku da na mako, amma in ka bi tsarin nan da wuya ka hau mota fiye da sau uku a yini, don haka saye ɗai-ɗai ya fi riba. Ana iya taɓa katin banki a jikin na'ura maimakon tikiti, sai dai kowane mutum da nasa katin. Yara 'yan ƙasa da shekara 10 ba sa biya in suna tare da babba.

Hattara: tikitin takarda sai ka saka shi a na'urar cikin bas ta buga masa lokaci. Tikiti a aljihu ba bugu daidai yake da babu, tarar ta haura Yuro 50, kuma masu dubawa ba sa sauraron "ni baƙo ne".

5. San sa'ar kowace unguwa

Kasuwannin unguwa na safe ne, da ƙarfe biyu an fara kwashe kaya, kuma ba sa ci ranar Lahadi. Coci-coci da yawa, inda mafi yawan zane-zane da sassaƙa suke kyauta, kan rufe daga wajen 12:30 zuwa 3 ko 4 na yamma. Gidajen abinci na gaske suna ba da na rana daga 12:30 zuwa 3, su rufe, su sake buɗewa wajen 7:30. Daga biyar na yamma mutane ke fitowa dandali.

Saboda haka yinin ya zama haka: fita da bakwai na safe zuwa wurin da ke cika da baƙi, kasuwa kafin sha biyu, abinci, komawa masauki don salla da hutu, sannan unguwa ta biyu da la'asar. Unguwa biyu a yini, in sun yi yawa uku masu maƙwabtaka. In ka ɗaga kai a kusurwar wasu tsofaffin tituna za ka ga allon farin dutse ɗauke da sunan rione da tambarinta. Fafaroma Benedict na 14 ne ya sa aka kafa su a wajen 1744, kuma har yau suna nuna maka inda ka fita wata unguwa ka shiga wata.

A cikin wannan jagora, Colosseo da gidan tarihin Batikan kaɗai ke buƙatar tikiti tun kafin ka baro gida. Na Colosseo Yuro 18 ne, ya haɗa da kufan tsohon gari na Foro Romano da tudun Palatino, kuma da sunanka ake buga shi, don haka ka je da fasfo. Saya daga shafin hukumar wurin, ban da masu tsayawa a bakin ƙofa.

6. Yini na farko: Esquilino da Monti

Fara da Esquilino da safe. Sauka a tashar Vittorio Emanuele ta layin A na metro, ka fito babban dandalin Piazza Vittorio mai rumfunan ginshiƙai a kewaye. Bayansa kaɗan, a titin Via Principe Amedeo, kasuwar Nuovo Mercato Esquilino take. Masu yawon buɗe ido ba su cika zuwa ba, kuma a ganina duk wanda bai shiga ba bai ga Rum ta yau ba. Mahauta 'yan Masar da Bangaladash a layi, kifi a kan ƙanƙara, buhunan shinkafa da wake a buɗe, doya, kuɓewa, attaruhu, busasshen kifi, manja. Za ka ji Larabci, Bengali, Sinanci da harsunan Afirka ta Yamma a rumfa ɗaya. In masaukinka na da kicin, yi cefane a nan. A rumfar kayan lambu kada ka sa hannu ka zaɓa sai mai kayan ya ba ka izini, nuna masa kawai.

Daga nan minti goma ne zuwa Santa Maria Maggiore, inda aka binne Fafaroma Francis a Afrilun 2025. Shiga kyauta ne bayan binciken tsaro, kafaɗa da gwiwa a rufe, maza su cire hula.

Da la'asar sai Monti. Gangara ta Via Panisperna ko Via Urbana, ka bi Via del Boschetto mai ƙananan shagunan ɗinki da na tsofaffin kaya, har ka iso ɗan dandalin Piazza della Madonna dei Monti. Zauna a matakan maɓuɓɓugar tsakiya ka huta, nan mutanen unguwa ke haɗuwa. In ka leƙa ƙarshen Via dei Serpenti za ka hango bangon Colosseo ya toshe titin. Haye Via Cavour, ka hau matattakalar da ta ratsa ƙarƙashin wani tsohon gini mai duhun baka, za ta fitar da kai gaban cocin San Pietro in Vincoli, inda sassaƙar shahararren masassaƙi Michelangelo take. Daga can minti biyar ne zuwa tudun da ke fuskantar Colosseo, wurin da ya fi dacewa ka tsaya rana na faɗuwa.

Hattara: a kewayen Colosseo wani zai tare ka da fara'a, "ɗan'uwa, daga wace ƙasa?", ya miƙo hannu, kafin ka ankara ya ɗaura maka zare a wuyan hannu ya ce kyauta ne, daga baya ya nemi kuɗi. Da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne masu neman na abinci, ba sai ka wulaƙanta kowa ba. Amsa gaisuwa, hannunka a jikinka, ka ce "No, grazie", ka ci gaba da tafiya. Jakar hannu ko tabarau na jabu da ake shimfiɗawa a ƙasa kuwa, mai saye ma ana cin sa tara.

7. Yini na biyu: tsakiyar gari, Ghetto, Trastevere

Wannan ne yini mafi tsawo, kuma ba ya buƙatar mota ko ɗaya. Ka kasance a maɓuɓɓugar Trevi da bakwai na safe. Da goma ba za ka samu wurin tsayawa ba. Bi lunguna zuwa Pantheon, tsohon wurin bautar Rumawa da ya koma coci, wanda ake buɗewa da tara, a 2023 aka fara karɓar kuɗin shiga, Yuro 5 a lokacin. Sai Piazza Navona, sai kasuwar Campo de' Fiori. Kasuwar ta koma ta baƙi sosai, kallo kawai za ka yi, amma gidan burodin da ke kusurwarta yana gasa pizza bianca, faffaɗan burodi da man zaitun da gishiri, ka saya da zafinsa.

Kada ka bi manyan tituna a nan. Duk lungun da ya yi maka, shiga, ba za ka ɓata ba, don kogin Tevere yana gefe guda, titin Via del Corso yana ɗaya gefen. In ka ratsa ta matattakalar Piazza di Spagna, ka sani tun 2019 an hana zama a kanta, 'yan sanda na busa usur, akwai tara.

Kafin azahar ka isa Piazza Mattei mai maɓuɓɓugar kunkuru, ƙofar unguwar Yahudawa ke nan, wadda ake kira Ghetto. A 1555 Fafaroma Paul na 4 ya killace Yahudawan garin a waɗannan 'yan tituna, ana kulle ƙofofi da dare, kuma haka aka zauna sama da shekara 300. Ranar 16 ga Oktoba 1943 sojojin Jamus suka kwashi mutum fiye da 1,000 daga Rum zuwa sansanin kisa na Auschwitz, 16 kacal suka dawo. Dubi ƙasa a bakin ƙofofin gidaje, za ka ga ƙananan allunan tagulla tsakanin duwatsu, kowane da suna, da shekarar haihuwa, da ranar da aka tafi da mai sunan. Wuri ne na nutsuwa, a rage murya. Ga Musulmi kuma nan ne wuri mafi sauƙin cin abincin gargajiyar Rum, domin gidajen abincin kosher, wato masu bin dokar abincin Yahudawa, na titin Via del Portico d'Ottavia ba sa taɓa alade. Gwada carciofi alla giudia, wani kayan lambu da ake soyawa har ganyensa ya buɗe ya yi ƙaras-ƙaras, da soyayyen kifin baccalà. Suna rufewa daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar, kada ka sa wannan yini a Asabar.

Haye gadar Ponte Fabricio, wadda aka gina shekara 62 kafin haihuwar Annabi Isa kuma har yau ana bi, ka ratsa tsibirin Tiberina, ka sauka Trastevere. Kuskuren mafi yawan baƙi shi ne su yi dama kai tsaye su bi taro. Yi hagu tukuna, zuwa wajen Santa Cecilia, inda lunguna suke shiru, wanki a rataye tsakanin tagogi, ganye ya lulluɓe bango. Bayan nan ka haye babban titin Viale di Trastevere inda tiram mai lamba 8 ke wucewa, ka bi Via della Lungaretta zuwa dandalin Santa Maria in Trastevere. In da sauran ƙarfi, hau Via Garibaldi zuwa maɓuɓɓugar Acqua Paola da tudun Gianicolo, garin duka zai shimfiɗu a gabanka. A kan tudun nan ake harba igwa kullum da sha biyun rana, kada ka firgita in ka ji ta daga nesa.

Hattara: daga tara na dare kewayen Piazza Trilussa na komawa wurin shaye-shaye. Mai iyali ya gama da Trastevere kafin lokacin.

8. Yini na uku: Aventino, Testaccio, Garbatella

Sauka a tashar Circo Massimo ta layin B, ka hau tudun Aventino. Akwai lambun lemu, Giardino degli Aranci, mai barandar kallon kogi, da cocin Santa Sabina na ƙarni na 5, da ƙofar da ake leƙa ramin makullinta a hango ƙubbar San Pietro, babban cocin Batikan. In layin leƙen ya yi tsawo, wuce, lambun ya ba ka abin da ya fi shi.

Gangara zuwa Via Marmorata ka shiga Testaccio kafin sha biyu. Unguwar ma'aikata ce, ta girma a kewayen babbar mayankar garin wadda aka rufe a 1975. Da kayan ciki ake cika wa mahauta ladan aikinsu a da, shi ya sa girkin unguwar ya zama na tumbi, hanji da wutsiyar sa. Kasuwarta mai rufi tana ci Litinin zuwa Asabar har wajen uku, da rumfunan cefane da na dafaffen abinci gefe da gefe, kuma a nan za ka ci abincin rana da Yuro 10. Tsallaken kasuwar akwai tudu mai tsayin mita 35 wanda ba ƙasa ba ce ba dutse ba: tsingaron tulunan man zaitun ne da aka riƙa kawowa ta jirgin ruwa, akasari daga kudancin Sifen, ana fasawa ana jerawa shekaru aru-aru. An kewaye shi da shinge, amma daga titi za ka ga gutsattsarin a jere sahu-sahu. Kusa da tashar Piramide kuma ga dala ta farin dutse, kabarin wani attajiri Gaius Cestius, a manne da ganuwa.

Tasha ɗaya gaba ita ce Garbatella, wadda aka aza harsashinta a 1920 don ma'aikata. Ba wani shahararren gini, gidaje ne ja-ja da ruwan ƙasa a rukuni-rukuni, kowane rukuni da tsakar gida mai bishiyoyi da igiyoyin shanya. Fara daga Piazza Benedetto Brin ka yi ta zagaye. Ƙofofin da yawa a buɗe suke, ana ratsawa, amma gidajen mutane ne. Ka ce "Buonasera" ga wanda ka tarar a zaune, kada ka ɗauki hoton kowa ko tagarsa.

9. Borgo da Prati

Haɗa su da ranar Batikan. Shiga San Pietro kyauta ne, layin tsaro ne ke cin lokaci, je kafin takwas. Gidan tarihin Yuro 20 ne da ƙarin kuɗin kama wuri, kuma a rufe yake ran Lahadi ban da ta ƙarshen wata. Bayan ka fito, kada ka ci a titunan da ke bakin ƙofa. Ratsa Borgo Pio, ko ka nufi kasuwar Trionfale a Via Andrea Doria, sayayyar tufafi kuma Via Cola di Rienzo.

Hattara: bas mai lamba 64 daga Termini zuwa Batikan ya yi suna wajen 'yan sane, haka layin A tsakanin Termini da Ottaviano. Jaka a gaba, waya ban da aljihun baya, ka fi kula lokacin shiga da fita da ake matsatsi.

10. Abinci: abin da za ka tambaya

Taliyar Rum huɗu ce ta shahara, uku cikinsu da naman alade ake yi: carbonara, amatriciana da gricia. Ta huɗun, cacio e pepe, cuku ne da masoro kawai. Haddace waɗannan kalmomi, duk alade ne: maiale, guanciale, pancetta, prosciutto, salame, mortadella, porchetta, salsiccia, lardo, strutto. Ta ƙarshen kitse ne da ake sakawa a wasu burodi da kayan fulawa ba tare da an gani ba, shi ake yawan mantawa. Tambayar ita ce "C'è maiale?", kuma a gidan burodi "C'è strutto?". Ko wutsiyar sa ta Testaccio wasu da guanciale da giya suke soma miyarta. A kayan zaƙi, tiramisù wani lokaci da giya, babà kuwa kullum. Kifi, taliyar tumatir, pizza margherita ko marinara da kayan lambu sun wadatar. Nama kuwa a bari sai Esquilino ko unguwar Torpignattara, inda gidajen abincin halal suke da yawa.

A shagon kofi, biya a wurin mai karɓar kuɗi, kai rasit kan kanta, ka sha a tsaye da Yuro ɗaya da 'yan canji. Zama a tebur na ninka kuɗin, a manyan dandali har sau uku ko huɗu. Shan kofin nan shi ne kuma hanyar samun banɗaki, don na gwamnati sun yi ƙaranci. Pizza al taglio da nauyi ake sayarwa, nuna da hannu iya inda za a yanka. A gidan abinci taliya kan kama Yuro 10 zuwa 14, ana ƙara kuɗin burodi da na ruwan kwalba. Gidan da ka ga mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, da hotunan abinci a allo, wuce shi. Kifin da aka rubuta farashinsa "all'etto" kuɗin giram 100 ne, tambayi jimla kafin a dafa.

Karnuka suna shiga bas, shago da gidan abinci tare da masu su. In kana kiyaye tufafin salla, zaɓi tebur na gefe.

11. Ranar Juma'a

Babban Masallacin Rum yana arewacin gari, gindin unguwar Parioli. An buɗe shi a 1995, Sarki Faisal na Saudiyya ne ya jagoranci ɗaukar nauyinsa, kuma yana cikin mafiya girma a Turai. Hau layin A zuwa Flaminio, fito ka shiga ƙaramar tashar jirgin Roma Nord da ke nan dandalin, ka sauka a Campi Sportivi, sauran 'yar tafiya ce da ƙafa. Ba mintin 45 daga tsakiyar gari, don jirgin ba ya zuwa a kai a kai. Bayan salla ana kasa abinci a waje, gasasshen nama, kuskus da kayan zaƙi na Larabawa, ka bar cikinka don su. Sauran ranaku akwai ƙananan masallatai a Esquilino da Torpignattara, mahautan kasuwa za su nuna maka mafi kusa. Alƙibla kudu maso gabas take.

Hattara: yajin aikin ma'aikatan sufuri, sciopero, ya fi faɗowa ranar Juma'a, kuma ana sanarwa kwanaki kafin ya zo. Duba shafin ATAC, kamfanin sufurin birnin, tun daren Laraba. Ko ana yajin, motocin birni kan yi aiki da sassafe zuwa 8:30, da kuma daga 5 zuwa 8 na yamma. In ranar tashinka ce ta faɗa ciki, sa masauki su kama maka tasi tun jajibiri, ka ƙara awa guda a kan lokacin da ka yi niyyar fita.